Me ya sa dokar kulle ta iso ƙauye a dare ɗaya, tallafin korona kuma ya yi ta jan ƙafa?

Malamin firamare, yankin Bunkure

Assalamu alaikum. Tambayar nan ta taso ne daga wata gardama da muka yi a majalisarmu bayan sallar la'asar, inda wani abokin aikina ya dage cewa gwamnatin tarayya ta yi iya ƙoƙarinta a lokacin annobar korona, dattawan wurin kuma suka ce su ba su ga komai ba sai wahala.

Abin da na gani da idona shi ne, da gwamnatin Kano ta sa dokar kulle a daren 16 ga Afrilu 2020, kafin gari ya waye labari ya game ko'ina, motocin haya suka ɗauke ƙafa, kasuwa ta watse. Yayana yana da lambun tumatir a bakin ruwa, kuma a lokacin yana tsinkar ƙarshe. Kwanduna suka kwana biyu a gefen titi suna jiran motar da ba ta zo ba, a rana ta uku matan gida suka zauna suna yanka wanda bai ruɓe ba suna shanyawa a kan buhuna, sauran kuwa awaki ne suka ci. Bayan mako guda azumi ya kama, sannan a ranar 27 ga wata shugaba Buhari ya ƙara wa Kano mako biyu na kulle. A rediyo muna ta jin biliyoyin da aka ware, amma a unguwarmu ban san gida ko ɗaya da kuɗin gwamnatin tarayya ya shiga ba a waɗannan makonni.

Ina so waɗanda suka san yadda aka tsara abin su fahimtar da ni: kuɗin ne bai kai yadda ake faɗa ba, ko kuwa hanyar da zai bi ya iso gare mu ce ba ta nan?

Ma'aikaciyar lafiya, yankin Ringim

Wa alaikumus salam, Malam. Batun kuɗi zan bar wa masana, amma ina so in fara gyara wani abu da nake yawan ji a irin wannan hira, wato cewa an kulle mutane ne a kan cutar da ba ta nan. Cutar tana nan, kuma Kano ta ɗanɗana ta fiye da yawancin jihohi. An tabbatar da mutum na farko a Najeriya ranar 27 ga Fabrairu 2020 a Legas, a Kano kuma ranar 11 ga Afrilu, sai ga shi kafin ƙarshen wannan watan masu haƙar kabari a birni suna kokawa da yawan gawarwaki. Daga baya ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce binciken da aka yi ya ƙirga mutuwar mutum 979 a ƙananan hukumomi takwas na cikin birni, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari suna da alaƙa da korona. Akasarinsu dattawa ne masu ciwon suga ko hawan jini.

Inda nake ganin gazawa shi ne wajen gwaji. A farkon annobar ɗakunan gwajin da ƙasar take da su ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, kuma babu ko ɗaya a Kano. Wanda aka buɗe daga baya ma ya dakata da aiki na wasu kwanaki a daidai lokacin da mace-macen suka yi tsanani. To idan birni haka yake, ina ga asibitin sha-ka-tafi irin namu? Mutum zai zo da zazzaɓi da tari da sarƙewar numfashi, mu ba shi maganin zazzaɓin cizon sauro mu sallame shi, domin shi kaɗai muke iya gwadawa. Kwamitin shugaban ƙasa, wanda Boss Mustapha ya jagoranta tare da Dakta Sani Aliyu, yana fitar da alƙaluma kusan kullum, amma alƙaluman na waɗanda aka gwada ne kawai, ƙauye kuwa ba ya cikin lissafi. Shi ya sa mutanenmu suka ce cutar manya ce da masu shiga jirgi, musamman da suka ji ta yi ajalin Abba Kyari, shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa, ranar 17 ga Afrilu.

Akwai kuma asarar da ba a rubuta ta a ko'ina ba. Mata suka daina zuwa awo, suka daina kawo yara rigakafin ƙyanda, saboda tsoron kada a ce suna da korona a killace su. Benci biyu da muke da su a baranda, waɗanda ranar awo ba a samun wurin zama a kansu, sun yi makonni kaji ne ke hawa. Mayar da almajirai jihohinsu da gwamnonin Arewa suka yi a tsakiyar annobar ya ƙara dagula lamarin, domin an cusa yara a manyan motoci ba tare da an gwada da yawansu ba, aka zo aka samu masu ɗauke da cutar bayan sun sauka.

Tsohon ma'aikacin baitulmali, Dutse

Malam, amsar tambayarka ita ce duka biyun, amma na biyun ya fi nauyi. Bari in fara da aljihun gwamnati. An gina kasafin 2020 a kan gangar ɗanyen mai dala 57, sai farashin ya faɗi warwas a watan Maris da Afrilu, har aka sake kasafin a kan dala 28. Wato a daidai lokacin da ake bukatar kashe kuɗi, babbar hanyar samunsa ta tsuke, shi ya sa aka karɓi rancen gaggawa na dala biliyan 3.4 daga Asusun Ba da Lamuni na Duniya a ƙarshen Afrilu. Tattalin arzikin ya ja baya da kashi 6.1 cikin ɗari a rubu'i na biyu na shekarar, ya sake ja baya a na uku.

Yanzu dubi abin da aka sanar. An ce a fitar da tan 70,000 na hatsi daga rumbunan gwamnati. Adadin yana da daɗin ji a rediyo, amma ko da gidaje miliyan 3.6 da aka ce za a kai rajistar talakawa kaɗai za a raba wa, kowane gida ba zai samu kilo 20 ba, abin da gidan mutum goma zai cinye kafin mako ya zagayo. Kuɗin hannu kuma, naira 20,000 da ma'aikatar Sadiya Umar Farouq ta riƙa biya, ba sabon abu ba ne: naira 5,000 ce ta wata-wata da ake ba waɗanda suke cikin shirin tun da, aka haɗa ta wata huɗu. Rajistar tana da gidaje miliyan 2.6 a lokacin, a ƙasar da mutanenta suka kai miliyan 200, kuma ba kowace mazaɓa masu rajista suka taka ba. Wanda sunansa bai shiga ba kafin annoba, ba abin da zai sa ya ga kuɗin a watan Afrilu, komai talaucinsa.

Babban Bankin Najeriya ya ware naira biliyan 50 na rance ga gidaje da ƙananan sana'o'i, ya rage kuɗin ruwan basussukansa na tallafi daga kashi 9 zuwa 5, ya ɗaga lokacin biya da shekara guda. Sai dai neman rancen ta intanet ake yi, da asusun banki da lambar BVN. Ka duba garinku ka ƙirga manoma nawa ne suke da waɗannan ukun a 2020. Haka shirin naira tiriliyan 2.3 na farfaɗo da tattalin arziki da kwamitin Osinbajo ya tsara: sai a watan Yuni majalisar zartarwa ta amince da shi, kuma kaso mai yawa na kuɗin rance ne ta hannun bankuna. Ɓangaren da aka yi domin karkara kai tsaye shi ne aikin mutum 774,000, dubu ɗaya a kowace ƙaramar hukuma, naira 20,000 a wata har wata uku, wanda ya ba Kano gurbi 44,000, Jigawa 27,000. Taƙaddama tsakanin minista Festus Keyamo da majalisar dokoki a kan wa zai zaɓi sunaye ta taimaka wajen jan shi, bai fara ba sai Janairun 2021, wata shida bayan an ɗage kullen Kano.

Dokar hana fita umarni ne kawai, ana karanta ta a rediyo a girke jami'ai a hanya, shi ke nan ta zauna. Tallafi kuwa yana bukatar sunaye da adireshi da hanyar biya da ma'aikata masu amana a kowace mazaɓa, waɗanda ba a gina su a cikin mako biyu. A ganina kuskuren gwamnati shi ne ɗaukar kulle irin na ƙasashen da kowa yake da albashi ko asusu, alhali ta san mafi yawan mutanenta sai sun fita suke ci.

Dillalin dabbobi, Maigatari

Ranka ya daɗe, na yarda da yawancin bayaninka, amma ban yarda a jingina komai ga rashin rajista ba. Kowane mai unguwa ya san gidan da ba a ɗora tukunya ba a unguwarsa, kuma da shi ake aikin rigakafin shan inna gida-gida shekara da shekaru, har aka ayyana Afirka ta rabu da cutar a watan Agustan 2020. Idan an iya kai ɗigon magani bakin kowane yaro a rugar da mota ba ta zuwa, ban ga dalilin da zai hana a kai kwanon gero ta wannan hanyar ba. Kuma kowa ya ga abin da ya fito a watan Oktoba, lokacin da jama'a suka fasa ɗakunan ajiya a Jos da Legas da wasu garuruwa suka tarar da kayan abincin tallafi na gamayyar 'yan kasuwa, wadda Aliko Dangote yake cikin jagororinta, jibge har rufi. Gwamnoni sun ce ana jiran a kammala kawo kayan ne kafin a raba, amma mai yunwa bai ji wannan bayani da daɗi ba.

Mu a nan korona ta same mu ne da rauni, domin iyakar Nijar tana rufe tun Agustan 2019, ba a buɗe ta ba sai Disambar 2020. Kara da take cika ranar Alhamis ta koma kamar wurin makoki. An ce motocin abinci da dabbobi ba sa cikin dokar hana zirga-zirga tsakanin jihohi, kuma a takarda haka ne, amma direban da na ɗora wa shanu zuwa Kudu ya dawo yana lissafa mini shingayen da ya tsaya da abin da ya bari a kowanne, har na ga ribar tafiyar ta ƙare a hanya. Ɗana ya kai sunana wani shagon kwamfuta a kan batun rancen nan, mai shagon ya karɓi kuɗin cike takarda, daga ranar ban sake jin komai ba. Sannan man fetur da aka rage daga naira 145 zuwa 125 a watan Maris ya koma wajen 160 a Satumba, a watan da ambaliya take cinye gonaki a yankin Haɗeja.

Malamin firamare, yankin Bunkure

Na gode muku duka. Baba, lissafin hatsin nan ya warware mini abin da na daɗe ina zargi, domin da ina ɗauka wani ne ya tare rabonmu a hanya, ashe rabon tun daga tushe bai taka kara ya karya ba. Sai dai maganar Alhaji na Maigatari ta tsaya mini a rai. Hajiya, ke da kika yi aikin shan inna, me ya hana a bi wannan hanyar, ko da wajen allurar korona ce?

Ma'aikaciyar lafiya, yankin Ringim

An bi ta, Malam, amma a makare, kuma a ɓangaren lafiya kawai. Allurar farko, kusan miliyan huɗu ta kamfanin AstraZeneca, ta sauka Abuja ranar 2 ga Maris 2021 ta COVAX, shirin raba allurar korona ga ƙasashen duniya, kuma hukumar lafiya a matakin farko ce ta raba ta, da firjin da akwatunan ƙanƙara da ma'aikatan da aka saba aikin shan inna da su. An nuna shugaban ƙasa da mataimakinsa ana yi musu a talabijin, sarakuna ma suka yi a bainar jama'a, wannan ya taimaka sosai.

Duk da haka aikin bai zo da sauƙi ba, kuma ba na ganin laifin mutane gaba ɗaya. Dattawa ba su manta da gwajin maganin Pfizer a Kano lokacin sanƙarau na 1996 ba, wanda yara 11 suka mutu a cikinsa, kuma wannan tabon yana cikin abin da ya sa aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003. Ga shi wasu alluran da aka ba ƙasar kyauta sun iso dab da ƙarewar wa'adinsu, har aka lalata sama da miliyan ɗaya a Abuja a Disambar 2021, labarin kuma ya iso ƙauye kafin bayaninsa.

Abin da na fi sha a bakin mutane kuwa bai shafi ingancin allurar ba. Wani dattijo da muka samu a zaurensa tare da mai unguwa ya saurare ni har na gama, ya yi mana godiya, ya sa aka kawo mana ruwa, sannan ya tambaye ni inda muke a azumin bara, lokacin da ya sayar da tunkiyarsa rabin kuɗinta don ya sayi dawa. Mai unguwa ya sunkuyar da kai, ni ma ban ce komai ba. Ya karɓi allurar bayan mako biyu, ranar da limaminsu ya karɓa, amma da na koma domin ta biyu aka ce ya tafi gona.