R ya ƙi karanta lambobina, ku taimaka

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ɗalibi ne ni a Marwa ta ƙasar Kamaru, ina kwatanta nauyin masakwar (dawar rani) da aka girba a gonaki 48 na ƙauyuka biyu. Kwana uku ke nan ina fama da R, manhajar nazarin alƙaluma.

Excel ɗina na Faransanci ne, shi ya sa yake rubuta 12,5 a maimakon 12.5, yana kuma raba bayanai da alamar ; idan na adana fayil ɗin a CSV, tsarin da nake shigar da shi cikin R. Na gane wannan, na bar umarnin karanta fayil na read.csv na koma read.csv2, mai fahimtar wannan tsarin. Amma har yanzu idan na duba irin bayanan da str(), layin nauyin yana fitowa chr (rubutu), ba num (lamba) ba. Shi ke nan umarnin zane na boxplot ya ƙi zana komai, t.test (gwajin kwatanta ƙauyukan biyu) ma ya ƙi. Da na gwada as.numeric don mai da shi lamba, sai layin ya cika da NA, alamar babu bayani.

Ina zargin gonaki uku da na rubuta musu "néant" (wato babu) saboda tsuntsaye sun cinye amfanin. Su ne matsalar? In kuwa su ne, sifili zan sa ko NA? Ai an shuka, girbin ne babu.

Ranar Litinin malamina yake jiran sakamakon. Allah ya saka da alheri.