Me ya sa 'yan kyanwata masu ruwan goro duk muzurai ne?

Maman Biyu: Assalamu alaikum. Kyanwata mai dabbare-dabbare, baƙi da ruwan goro, ta haihu a bayan randa. Masu ruwan goro zalla duk maza ne. Dama haka ake yi?

Ɗan Zazzau: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ƙwayar halittar launin tana kan kuromosom X, ɗaya daga cikin zaren gado da ke tantance namiji ko mace. Muzuru X ɗaya gare shi, daga uwa, in ya zo da ruwan goro shi ke nan. Mace kuwa X biyu gare ta, sai ta gado launin daga uwa da uba duka, shi ya sa matan ba su da yawa.

Inna: Irin taki mai launi biyu kusan kullum mace ce. Namiji mai irin wannan launin, mai XXY (X biyu da Y ɗaya maimakon XY), da wuya ya haihu.

Ɗan Zazzau: Masu bincike a Amurka da Japan ma sun gano ƙwayar, ARHGAP36, an wallafa a 2025.