Katharine Graham jaruma ce ko gado kawai ta ci?

Sadiq: Ni fa yabon da ake wa Katharine Graham ya isheni. Babanta Eugene Meyer ne ya sayi jaridar Washington Post ta Amurka a gwanjo a 1933 kan dala 825,000, mijinta Philip ya riƙe har ya rasu a 1963 sannan ta hau kujera. Gado ne wlh, ina jarumtar?

Anti Rabi: Ƙanena ka ji rabi ka bar rabi. Uban nan da zai sauka a 1946 surukinsa ya miƙa wa jaridar ba 'yarsa ba, har hannun jarin mijin ya fi nata yawa. Ba wanda ya taɓa shirya ta.

Sadiq: To Anti ai duk a cikin gida ne dai

Malam Habu: Sadiq bar zancen gida, dubi 1971. New York Times ta fara buga takardun sirrin Pentagon (ma'aikatar tsaron Amurka) kan yaƙin Vietnam kotu ta dakatar da ita, sai Post ta samu kwafi, lauyoyin kamfanin suka ce kar a kuskura, ga shi a kwanakin ne suka fara sayar da hannun jari ga jama'a kuma suna da gidajen talabijin da lasisinsu ke hannun gwamnati, duk da haka matar nan ta ce a buga. Kotun ƙoli ta ba jaridun gaskiya, alƙalai 6 cikin 9. Ɗan gado mai tsoron dukiyarsa ba zai yi haka ba.

Sadiq: Malam wannan na yarda. Amma bankaɗo badaƙalar Watergate ta Shugaba Nixon aikin 'yan jaridar Post Woodward da Bernstein ne da editansu Ben Bradlee.

Anti Rabi: Wa ya ɗauko Bradlee daga Newsweek a 1965? Kuma lokacin da mutanen Nixon suka ƙalubalanci lasisin tashoshinta na Florida aljihun wa ake nema?

Zainab: Ni damuwata yajin aikin 1975, ma'aikatan injin buga jarida suka fita ta maye gurbinsu da wasu, ƙungiyarsu ta mutu murus. Kuma in share wa mata fage a aikin jarida ake magana ai Mary Ann Shadd ce, baƙar fata, ta kafa Provincial Freeman a Kanada tun 1853, sai da ta sa sunan namiji a matsayin edita don a saya.

Malam Habu: Shadd ba musu. Amma Zainab ki ƙara da cewa sai da suka lalata injinan kafin su fita.

Zainab: Kaɗan daga cikinsu ne suka lalata Malam, amma kusan duka aka raba da aikinsu.