Lambar WAC: inda tsofaffin hannu suka ce sabon shiga ya fara

Da aka tambayi waɗanda suka daɗe suna harkar rediyon sha'awa, wato masu kafa tasharsu ta kansu don tuntuɓar juna ta rediyo, wace lambar yabo ta dace da sabon shiga, bakinsu ya zo ɗaya: WAC, lambar tuntuɓar dukkan nahiyoyi, wadda IARU, ƙungiyar masu rediyon sha'awa ta duniya, ke bayarwa. Sharaɗinta kawai ka tabbatar ka yi magana da tasha a nahiyoyi shida: Afirka, Turai, Asiya, Oshiniya, Amurka ta Arewa da ta Kudu. Lambar yabo ta DXCC kuwa sai ka haɗa ƙasashe da yankuna 100, a bar ta tukuna.

Mafi yawansu sun ce a kafa eriyar waya a zangon rediyo na mita 20, a gwada FT8, wata hanyar aika gajerun saƙonni ta rediyo da taimakon kwamfuta, a kan megahaz 14.074, don tana jiyo siginar da kunne ba ya kamawa. Wasu dai sun yamutsa fuska, wai wannan hirar kwamfuta ce. Ni ban ga laifinta ba.

Daga nan wajenmu, Najeriya da Nijar, Oshiniya ce mai wahala. A yi dakonta da asuba ko dab da magariba. Amma mai alamar kira ta 5N (Najeriya) ko 5U (Nijar) ya yi sa'a, shi ake rububin nema.

Kuma a rubuta kowace tuntuɓa da lokacin UTC, wato agogon bai-ɗaya na duniya, a nemi katin QSL, shaidar da ke tabbatar da tuntuɓar, da zafi-zafi.