Shirin fanshonmu na 401(k) ya faɗi gwajin ACP, ina mafita?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da ƙaramin kamfanin jigilar kaya a Amurka, mu goma sha huɗu. Duk wanda ya zuba wani abu a asusun 401(k), wato asusun ajiyar fansho na ma'aikata, kamfani na ɗora masa. Jiya mai kula da shirin ya aiko cewa mun faɗi gwajin ACP, wanda hukumar harajin Amurka (IRS) ta wajabta don auna ko manya, wato masu kamfani da masu babban albashi, sun fi ƙananan ma'aikata cin moriyar ƙarin.

Direbobina da yawa ba sa zubawa, kuɗin gida suke turawa, ban kuma ga laifinsu ba. Shi ya sa matsakaicin ƙarin da ƙananan ma'aikata suka samu ya tsaya a kashi 1.2 cikin ɗari na albashinsu, namu na manya kashi 3, alhali iyakarmu 2.4, wato ninki biyu na nasu. Abin da ya ɗaure mini kai, har matata da ke riƙe littafin lissafi an sa ta cikin manya, saboda ina da fiye da kashi 5 na kamfanin, duk da albashinta kaɗan ne.

Idan ba a cire rarar da manya suka samu ba kafin 15 ga Maris, akwai harajin kashi 10 a kan rarar. To in cire, ko in zuba wa direbobin QNEC, wato kuɗin da kamfani ke zuba wa ma'aikata a asusunsu ko da su ba su zuba ba? Zuciyata ta fi karkata ga na biyu, amma yaya ake lissafa adadin? Don Allah wanda ya taɓa shiga wannan ya taimaka mini.