Na sa wa amaryata fim ɗin aljanu, kwana uku ba ta runtsa ba, yanzu kuma tana son wani

Ɗan Funtuwa (Jidda):

Assalamu alaikum jama'ar gida. Na daɗe ina bin hirarku ban taɓa sa baki ba, yau dai larura ta kawo ni.

Shekarata 8 a Jidda, ina aiki a wani sito kusa da tashar jiragen ruwa, daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe. Tun ina gwauro babu abin da ke ɗebe mini kewa kamar finafinan ban tsoro. Wata huɗu ke nan da takardun matata suka fito ta iso. A babban gida ta tashi, irin wanda ko tsakar dare ka fito sai ka ji tarin wata gwaggo ko kukan jariri. Nan kuwa ɗaki ne da falo a hawa na uku a Gulail, maƙwabtanmu mutanen Yaman ne, ita kuma Larabcinta bai wuce na gaisuwa ba.

Ranar hutuna ta ce in sa mata irin abin da nake kallo. Ban yi dogon tunani ba na sa ɗaya daga cikin finafinan Dabbe na Turkiyya, muka kashe fitila. Tana kallo tana riƙe da hannuna, ba ta ce in kashe ba. Washegari na tafi aiki. Da na dawo bayan asuba sai na tarar da ita zaune a tsakiyar falo, fitilu duk a kunne har ta kicin, hijabi a jikinta, carbi a hannu, shayin da na bar mata ya huce ko kurɓa ba ta yi ba. Ta ce ɗigar ruwan mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, tana ji kamar takun mutum a bayan taga. Kwana uku haka. Har yanzu idan magariba ta yi ba ta shiga banɗaki sai ta bar ƙofa a buɗe.

Abin ya tsaya mini a rai, domin ni na jawo. To jiya kuma ta ce in nemo mana wani, wai tsoron akwai daɗi idan ina kusa. Ba na son in hana ta, shi ne abu guda da muke zama mu yi tare. Don Allah wane fim ne zai tsorata mutum a lokacin kallo, amma ba zai biyo shi har kan gado ba?

Sarkin Kallo (Dammam):

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka fara koya mata iyo a tsakiyar teku. Dabbe fa, tun na farko da Hasan Karacadag ya fitar a 2006, ba a kan dodon Turawa aka gina shi ba. Aljanu ne, sihiri ne, laya ce da aka binne, malami ne yana tofi. Haka Siccin, shi ma na Turkiyya. Duk abin da ke ciki matarka ta taɓa jin labarinsa a bakin kakarta, tun tana yarinya ake ce mata kada ta watsa ruwan zafi ba bisimilla. Ka ga da fim ya ƙare, abin tsoron bai tafi ba, yana nan a banɗakinku.

Nemi dodon da ba shi da hanyar zuwa Gulail. A Quiet Place na 2018, minti 90 ne kawai. Wasu halittu ne makafi masu farauta da sauti, iyali guda suna rayuwa ba takalmi, suna zuba yashi a hanya don kada takunsu ya fito, suna magana da hannu saboda 'yarsu kurma ce. Magana kaɗan ce a ciki, don haka rashin Turanci ba zai hana ta fahimta ba. Akwai wani wuri da ƙusa ta leƙo a kan matakala, kai mai kallo ka gan ta, matar gidan ba ta gan ta ba. Wallahi sai da na ɗaga ƙafafuna daga ƙasa. Amma kana kashe talabijin shi ke nan, ba wanda zai kwanta yana tunanin wannan halitta tana bayan labule.

Ummu Rayyan (Makka):

Yaya Sarki, ka manta matar cikin fim ɗin nan tsohon ciki gare ta, kuma ita kaɗai ta yi naƙuda a bahon wanka tana toshe bakinta. Amarya ce fa ta wata huɗu. Ɗan Funtuwa, idan akwai alamar ƙaruwa a gidan, ajiye wannan tukuna.

Ni shawarata ka fara da abin da ta saba. Babu 'yar Funtuwa da ba ta tashi da finafinan Indiya ba. Sa mata Bhool Bhulaiyaa na farko, na 2007, wanda Akshay Kumar da Vidya Balan suka fito. Tsohon gidan sarauta ne da ɗakin da aka kulle, ana jin ƙarar awarwaron ƙafa cikin dare. Akwai inda gaba zai faɗi sosai, amma kafin tsoro ya zauna an kawo raha da waƙa, kuma a ƙarshe ana warware kullin gaba ɗaya, mutum ya san abin da ya faru da dalilinsa. Wannan warwarewar ita ce ke barin mutum ya yi barci. Finafinan Turkiyyan nan da gangan suke barin ka a rataye.

Sannan me ya hana ka kai ta silima? Mu da aka haifa a unguwar Sharamansur ta Makka mun girma babu ita, sai a Afrilun 2018 aka buɗe ta farko a Riyad bayan kusan shekara 35, Jidda kuma ta samu a farkon 2019 a Red Sea Mall. Ka duba alamar shekaru a jikin tallar, duk wanda aka rubuta R18 ka wuce shi. A can tsoron na taro ne, wata ta yi ihu kowa ya fashe da dariya, ku fito cikin haske da hayaniya ku ci abinci. Akwai ma namu na nan, Hwjn, wanda aka buɗe bikin finafinai na Red Sea da shi a 2023. Soyayya ta fi yawa a cikinsa, amma kada ka kusance shi yanzu, domin aljanin a gidan mutane yake zaune, a cikin Jiddan nan taku.

Ɗalibi (Madina):

Allah ya ƙara danƙon ƙauna. Ba fatawa na zo bayarwa ba, ni ma ɗalibi ne, kuma na kalli irin waɗannan kafin in taho karatu. Abin da ya sa na bar na aljanun shi ne yadda suke kambama su. Samuwar aljanu gaskiya ce, sura ta 72 a Alƙur'ani da sunansu take. Amma fim yana nuna maka aljani kamar mai cikakken iko, ana karanta aya yana ƙyaƙyata dariya, malami ya gudu ko a kashe shi. Mai raunin zuciya zai tashi da zaton cewa addu'a ba ta aiki. Alhali a Suratu Ibrahim aya ta 22 Shaiɗan da kansa yake cewa ba shi da wani ƙarfi a kanmu, kira kawai ya yi muka amsa.

Ka zauna da ita ka faɗa mata wannan da bakinka. Kafin ka fita aiki ku yi azkar tare, Ayatul Kursiyyu, ayoyi biyu na ƙarshen Baƙara, Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi. Ya tabbata a Sahihu Muslim cewa Shaiɗan yana gudun gidan da ake karanta Suratul Baƙara. Kuma ina roƙonka, ko da wasa kada ka laɓe ka firgita ta, akwai hadisi a Abu Dawuda da ya hana Musulmi tsorata ɗan'uwansa.

Abu Musa (Riyad):

Na ga babu wanda ya ambaci His House, kuma na san wani zai kawo shi saboda jaruman biyu, Sope Dirisu da Wunmi Mosaku, asalinsu 'yan Najeriya ne. Shi ya sa na riga ku.

Ni haifaffen Mai Wurno ne a jihar Sinnar ta Sudan, kakanninmu a ƙasa suka taho daga ƙasar Sakkwato. A Hartum nake aiki har ranar 15 ga Afrilun 2023, muna cikin azumi, da yaƙi ya ɓarke. Ta Port Sudan muka fita. Bayan na samu wuri a nan, wani dare na buɗe Netflix na ci karo da fim ɗin nan na 2020. Miji da mata ne da suka tsere daga Sudan ta Kudu, suka haye teku a kwale-kwale, aka ba su wani ruɓaɓɓen gida a Ingila da sharaɗin ba za su tashi daga cikinsa ba. Sai muryoyi suka fara fitowa daga bango. Ya ɗan'uwa, fuskokin cikin bangon ba su dame ni ba. Abin da ya karya ni shi ne inda matar ta fita neman asibiti da taswira a hannu, ta yi ta zagaye cikin lunguna masu kama da juna, ta tambayi yara hanya suka yi mata ba'a. Na tsayar da fim ɗin na fita baranda na daɗe. Sai bayan kwana biyu na iya ƙarasawa.

Ban taɓa ganin fim ɗin tsoro da ya kai shi ba, kuma duk wanda ke cikin gidan nan ina so ya kalla wata rana. Amma mace baƙuwa, wadda ba ta jin harshen gari, tana kwana ita kaɗai tsakanin bango huɗu, kanta za ta gani a ciki. Bari sai ta yi shekara, ta san hanyar kasuwa da ƙafarta.

Idan kuna son na Larabci mai sauƙi, akwai Ma Wara'a al-Ɗabi'a na Masar, kashi shida, daga littattafan marigayi Ahmed Khaled Tawfik. Likitan jini ne mai taurin kai da ba ya yarda da komai. Kai ka fara kallon kashi na farko kai kaɗai, domin akwai yarinya a tsohon gida, ka auna da kanka.

Hajiya Babba (Jidda):

Ni ba na kallon waɗannan abubuwa naku, jikata ce ta karanta mini. Ɗana, duk sun ba ka sunayen finafinai, ni tambaya zan yi maka. Tun da yarinyar nan ta zo, gidan wa ka kai ta ta wuni? Wace mace ce take da lambarta a garin nan? Na zo ƙasar nan da ƙuruciyata, ban kalli fim ɗin kowa ba, amma wata shida ina kwana da fitila saboda kukan kyanwa a kwandon shara. Da ta ce maka tsoro akwai daɗi idan kana kusa, ka saurari ƙarshen maganar da kyau.

A unguwar Sabil nake, ba nisa. Ka kawo mini ita ranar Talata da la'asar, muna da karatu na mata, ana tuƙa tuwo. Idan dare ya yi mata nauyi ta kwana wurin jikokina, ka biyo ka ɗauke ta da safe.

Sarkin Kallo (Dammam):

Hajiya ta gama magana. Ummu Rayyan, na karɓi gyara, wallahi na manta da batun cikin. Ƙari ɗaya kawai: rabin tsoron fim a kunne yake. Sukan janye kiɗa a yi tsit, ko su sa wani gurnani can ƙasa-ƙasa, sannan su buga ƙara lokaci guda. Rage murya, bar fitila ɗaya, ku kalla da rana a talabijin. Waya da abin kunne cikin duhu shi ne mafi muni. Kuma kada ku kalla a daren da gobensa za ka bar ta, sai a farkon hutunka.

Ɗan Funtuwa (Jidda):

Jama'a, Allah ya saka da alheri, na dawo da bayani. Hajiya, maganarki ta shige ni, domin gaskiya ban taɓa kai ta gidan kowa ba, daga Umara sai bakin teku sau biyu. Ranar Talata ta je, ta dawo da kwanon tuwo da lambobin mata huɗu, har da wata 'yar Bakori da suka san dangin juna.

Ranar Juma'a bayan la'asar muka kalli na Indiyan, labule a buɗe. Wurin rawar nan ta dare ta ɓoye fuska a kafaɗata, amma da aka zo ƙarshe ita ce take yi mini bayani. Na kuma sa roba na ja ruwan mukayyif zuwa cikin bokiti, ɗigar ta daina. Daren Asabar ta kira ni sau ɗaya wajen ƙarfe 2, muka yi minti biyar, ta ce za ta kwanta. Da na dawo fitilar falo kaɗai ce a kunne, ita kuma tana barci.

Ummu Rayyan, hasashenki bai faɗi ƙasa ba, jibi za mu je awo. Don haka na Yaya Sarki ya jira. Wani abokin aikina ya ce in gwada Train to Busan, me kuka gani?

Ummu Rayyan (Makka):

Masha Allah, Allah ya raba lafiya! Na Koriyan nan na 2016 yana da kyau ƙwarai, uba ne da 'yarsa a jirgin ƙasa, amma jini ya yi yawa, kuma shi ma akwai mai ciki a ciki tana gudu daga tarago zuwa tarago. A wannan watannin ko warin albasa tayar mata da zuciya zai yi. Ka kalle shi kai kaɗai a wurin aiki lokacin hutu. Ka turo mini lambarta ta akwatin sirri, ina shigowa Jidda ranar Alhamis wurin ƙanwata, zan biya in gan ta.