Me ya hana a riƙa ba mu kwafin gem kyauta in mun sayi faifai?

Ɗan_Samaru:
Salam 'yan uwa, tambaya gare ni ga masana harkar gem. Ƙanina ne ya ɗauki faifan Red Dead Redemption 2 ɗina na injin PlayStation 4 (PS4) ya kai wa abokansa ba da sanina ba, ya dawo min da shi duk a kakkarce, kuma kun san faifai biyu ne a kwalin, ɗaya na lodawa ɗaya na bugawa, to na bugawar ne ya samu matsala. Yanzu in na saka sai injin ya yi ta ƙugi yana juyi, can sai ya ce wai ba zai iya karantawa ba. Abin haushin gem ɗin yana nan zaune cikin injin ya cinye min wajen giga 100, ina kallon hotonsa amma ya ƙi buɗewa. To ni abin da ban gane ba, tunda orijina na saya da kuɗina, me zai hana kamfanonin nan su riƙa saka wa mutum kwafi kyauta a akawun ɗinsa, in faifai ya lalace ya sauke abinsa? Ko dama akwai hanyar ni ne ban sani ba?

Injiniya_PZ:
Wa alaikumus salam. Ƙanina babu wannan hanyar a PS4 da PS5, haka ma Xbox. Faifan shi ne makullin, abin da ke cikin injin lodi ne kawai, duk sanda za ka buga sai ya leƙa ya tabbatar faifan na hannunka. Ka duba ta ɓangarensu mana, in suka ba ka kwafi kyauta ai gobe da safe za ka kai faifan Sabon Gari ka sayar ka ci gaba da buga na akawun, wanda ya saya shi ma ya nemi nasa kwafin, kaga faifai ɗaya ya wadaci unguwa guda. Ba za su bari ka ci tudu biyu ba.

Kuma fa an taɓa gwada abin da kake nema. A 2013 da Microsoft za su fito da Xbox One tsarinsu kenan, ka saka faifai sau ɗaya ya shiga akawun ɗinka shikenan ka ajiye shi, amma da sharaɗin injin zai riƙa hawa intanet duk awa 24 ana tantance shi, sannan aro da sayarwa sai yadda suka tsara. Duniya ta yi musu caa, Sony har ɗan bidiyon tsokana suka yi na yadda ake ba aboki aron gem, mutum ya miƙa wa ɗan uwansa kwali kawai, ƙarshe tun kafin injin ya shiga kasuwa suka janye.

Kafin ka yanke ƙauna gwada wani faifan tukuna, sau da yawa idon injin ne ƙura ta rufe balle lokacin hunturun nan namu. In faifan ne ka samu ƙyalle mai laushi ka goge daga tsakiya zuwa baki, kar ka bi zagaye. Kuma dan Allah kar ka shafa masa man goge baki, wancan dabarar zamanin PS2 ce, ƙara ɓata shi za ka yi.

'Yar_Kongo:
Oga Injiniya ni fa ban yarda ba zai yiwu ba, so ne ba sa yi. Tun 2013 Amazon suka fara ba wanda ya sayi faifan waƙa a wajensu kwafin MP3 kyauta, faya-fayan fim na Blu-ray ma a Amurka da yawa da 'yar takarda mai lambobi suke zuwa ka shigar ka samu na kallo a waya. A kwamfuta kuwa an daɗe ana haka, ka sayi kwali ka tarar da lambar Steam, wato shagon gem na intanet, a ciki, ko faifan ya karye gem ɗinka na nan. Akwai ma shagon GOG da in ka saya za ka sauke fayil ɗin gaba ɗaya ka adana a hard ɗinka ba mai tambayarka komai. To me ya sa sai mu masu PS ne za a ce ba dama?

Injiniya_PZ:
Hajiya ai kin kawo hujjata da kanki. Wannan kwalin na kwamfuta da zarar an shigar da lambar ya mutu, ko kyauta kika ba wani ba abin da zai yi da shi. Shi ya sa ba kya ganin ana cinikin na hannu a gem ɗin kwamfuta.

Mai_Gidan_Gem_TWada:
Ku bari in faɗa muku yadda abin yake a ƙasa, dan ni da wannan nake ciyar da iyali. Mu nan Zariya wa ke sayen sabon faifai a leda in ba ɗaiɗaiku ba? Na hannu muke saya, mu gama mu kai a yi musanya mu cika kuɗi kaɗan, ɗalibai kuwa in an dawo hutu faifai ɗaya sai ya zaga hostel kaf. Ranar da aka ɗaure faifai da akawun wlh mu za a fara yi wa illa ba Turawa ba.

Sannan kyautar da kuke magana a kai, giga 100 ɗin wa zai biya kuɗin datar? Ka kwana kana saukewa ya kai rabi a ɗauke wuta, ka tashi ka tada janareta, man fetur kuma kun san yadda yake, kafin ka gama lissafi kuɗin ya kusa sayen wani faifan na hannu. Ga shi Najeriya ba ta cikin jerin ƙasashen da ake buɗe akawun ɗin PSN, wato na PlayStation a intanet, da su, duk na Amurka ko Ingila muke buɗewa da adireshin aro muna sayen kati, in akawun ya samu matsala wa za ka je ka yi wa bayani?

Amma kar ku ɗauka faifan ma tsira ne gaba ɗaya. Gem ɗin The Crew da kamfanin Ubisoft suka kashe sabarsa ta intanet a 2024 har masu faifai ba wanda ya ƙara bugawa, Call of Duty ɗin 2022 kuma abin da ke kan faifan bai kai mega 100 ba, sauran duk sai ka sauke. Shi ya sa ni yanzu kafin na sayi gem sai na tambaya ko yana tashi ba intanet, in ba ya yi ko ƙwallo ce ba na so.

Sarkin_Pad:
Kai duk kun cika dogon turanci, ka kai wa masu lodi su buɗe maka injin su zuba maka gem ashirin ka huta 😂

Injiniya_PZ:
Ba kowane inji ne ke buɗuwa ba, sai wanda aka daɗe ba a yi masa ofdet ba, kuma daga ranar ka yi sallama da buga onlayin, ka kuskura ka hau a rufe maka akawun. Ɗan_Samaru in dai faifan ne ka nemi na hannu, amma ka duba lambar da ta fara da CUSA a gefen kwalinka ka sayi mai irinta sak, in ka ɗauko na wani yankin daban sabin ɗinka, wato ajiyar inda ka tsaya a gem ɗin, ba zai hau ba sai dai ka faro daga farko.

Ɗan_Samaru:
Tab, daga farko kuma? Na gode da ka faɗa min wannan oga. Na saka FIFA yanzu ta tashi lafiya lau, kenan ba ido ba ne. Gobe in Allah ya kai mu zan shigo PZ da kwalin a duba min lambar, mai na hannu a nan ya yi min magana ta inbox mu daidaita.